Dan Allah ta yaya mutum zai rabu da tiramol ba tare da an kai shi gidan mari ba?

Tela_Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema dan Allah, kuma ina roƙon duk wanda zai yi magana ya yi ta tsakani da Allah.

Ni tela ne a cikin Kano, ina da mata da yara. Tiramol nake sha. Na fara ne lokacin ɗinkin sallah shekarun baya, kun dai san yadda shago yake in azumi ya raba, kaya sun taru har saman tebur kowa yana cewa nasa za a fara, ga wuta sai tsakar dare ake kawowa dole ka kwana a kan keke. Wani abokin aikina ne ya ɓallo min rabin ƙwaya ya ce maganin ciwon baya ne kawai, kuma wlh a daren nan bayan ya saki, na yi ta ɗinki har aka kira assalatu ban ji komai ba. Sallah ta wuce ni ban daina ba. Daga rabi na koma guda, yanzu 'yar 225 ɗin nan nake shan biyu da safe tun kafin in karya, wani lokacin in ƙara ɗaya da la'asar, in dare ya yi barci ya ƙi zuwa sai in nemi ƙwayar barcin nan D5 in ɗora a kai.

Abin da ya tayar min da hankali kwanakin baya na faɗi a shago. Ban san me ya faru ba sai farkawa na yi na ga mutane a kaina ana yayyafa min ruwa, na cije harshena har ya fashe, yaran shago suka ce jijjiga na dinga yi kumfa tana fita ta bakina. A gida an ce iska ce har an kawo min rubutu da hayaƙi, ni kuwa na san ba iska ba ce. Yayana ne kaɗai ya gane, ya kira ni gefe ya ce in wata ya ƙare ban daina ba zai sa a ɗauke ni a kai ni wajen wani malami a bayan gari da yake sa wa masu shaye-shaye mari.

Ba wai ban gwada dainawa ba ne. Duk sanda na gwada kafin azahar na fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina suna zuba, ga gumi ga sanyi lokaci ɗaya, cikina ya murɗa in yi ta zaga bayi, ƙafafuna su ƙi zama waje ɗaya da daddare, a kaina kuma in dinga jin kamar ana ja min wutar lantarki. Sai faɗuwar gaba da tsoro ba dalili. Ko zare ba na iya sakawa a allura saboda rawar hannu, daga nan sai in koma.

Tambayata, akwai wanda ya taɓa fita daga wannan abin da gaske? Lokaci ɗaya ake dainawa ko a hankali? Asibiti suna da magani ko su ma kulle mutum kawai suke yi? Kuma in na je na faɗi gaskiya ba za su haɗa ni da 'yan NDLEA ba? Matata ba ta sani ba har yanzu.

Abu_Sumayya

Wa alaikumussalam. Allah ya yaye maka ɗan'uwa. Magana ɗaya ce, ka tashi yanzun nan ka zuba duk abin da ya rage a masai, ka yi alwala ka yi raka'a biyu ka yi tuba na gaskiya, ka kama azumin Litinin da Alhamis. Kai namiji ne, wahalar sati ɗaya ce ka daure ta wuce. Wannan a hankali a hankalin shi ne ƙofar da shaiɗan yake shigowa.

Sista_Nas

Malam Abu Sumayya na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma dan girman Allah kar ya bi shawarar nan yadda ka kawo ta. Tuba da sallah kam ya yi yau ɗin nan, amma yanke maganin lokaci ɗaya a halin da yake ciki yana iya sa shi wata farfaɗiyar da ta fi ta farko. Ni ma'aikaciyar jinya ce, irin wannan muna ganinsa.

Malam Tela ka karanta da kyau. Abu biyu kake sha ba ɗaya ba, kuma wanda ka raina, D5 ɗin, shi ya fi haɗari wajen yankewa. Dangin su baliyam da roci ne, in jiki ya saba da su kullum aka tsayar kwatsam suna kawo jijjiga da ruɗewa, har rai ana rasawa. Sannan haɗa shi da tiramol yana rage numfashi, wasu daga cikin waɗanda ake cewa sun kwanta lafiya an wayi gari babu su irin wannan haɗin ne.

Shi kuma tiramol, ko mara lafiyar da likita yake kula da shi ba a wuce masa miligiram 400 a yini. Kai biyun safe kaɗai 450 ne, in ka ƙara ta la'asar 675 kenan. Kamar yadda ka ce, faɗuwar da ka yi ba iska ba ce, sananniyar illar tiramol ce in ya yi yawa, kuma tana iya dawowa ko yaushe. Wanda NAFDAC ta amince da shi a Najeriya mai 50 ne da mai 100, duk wani 200 ko 225 ko 250 fasa-ƙwaurinsa aka yi, ba ka da tabbacin abin da ke ciki. Yanzu ma akwai wasu da ake sayarwa da sunan tiramol alhali haɗin wasu magunguna ne daban, tapentadol da carisoprodol, wanda Indiya ta hana haɗa shi a watan Fabrairun 2025 bayan binciken da BBC ta yi. Shi ya sa in za ka je asibiti ka tafi da sacet ɗin yadda yake likita ya gani da idonsa.

Abin da kake ji in ka daina ba ragwantaka ba ce. Tiramol aiki biyu yake yi a ƙwaƙwalwa, ɓangare ɗaya irin na su kodin ne, shi ne yake kawo hamma da majina da zawo da ciwon gaɓoɓi in an rasa shi, ɗaya ɓangaren kuma irin na magungunan ciwon damuwa ne, shi ne mai kawo faɗuwar gaban nan da tsoro da jan da kake ji a ka. Yakan fara cikin yini ɗaya, ya yi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, ya fara sauka bayan kamar sati. Amma rashin barci da kasala da jin duniya ba daɗi suna iya kai makonni har watanni, kuma a nan ne mutane suka fi komawa, ba a satin farko ba.

Yadda ake yi a asibiti, likita zai tambaye ka nawa kake sha da gaske, a yi gwajin fitsari da na jini, sai a tsara maka ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni, a ba ka abin da zai tsayar da zawo da amai da ciwon jiki, a haɗa ka da mai ba da shawara da za ku dinga zama. Ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa zuwa suke su koma gida, sai dai kai tunda ka taɓa faɗuwa kuma abu biyu ne, yana iya yiwuwa su ce ka kwanta na ɗan lokaci, in sun ce haka kar ka yi musu. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano. In kana jin kunyar a gan ka a gari akwai na Barnawa a Kaduna, suna da sashe na musamman na masu shaye-shaye. 'Yan Sakkwato suna da na Kware, akwai kuma na Maiduguri. Na san sunan da mutane suke kiran wuraren nan da shi, kar ya hana ka.

Maganar NDLEA, aikin likita magani ne ba kamu ba, sirrin mara lafiya amana ce a wuyanmu. Su kansu NDLEA ɗin suna da sashen ba da shawara da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, kana iya kira ka yi tambaya.

Kafin ka je, kar ka ƙara a kan abin da kake sha, kar kuma ka yanke. Kar ka tuƙa babur ko mota, kar ka hau tsani, kar ka tsaya bakin rijiya ko kusa da wuta. Ka faɗa wa yaran shago in ka sake faɗuwa su kwantar da kai a gefenka ɗaya su janye almakashi da dutsen guga daga kusa, kar a cusa maka cokali a baki, kar a ɗura maka ruwa ko rubutu sai ka dawo hayyacinka sosai, in ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba a yi asibiti da kai kai tsaye.

Dan_Sahu

Slm dan uwa wlh ina karanta rubutunka kamar ni na rubuta, ni adaidaita sahu nake ja kuma na dade a cikin abin nan kafin Allah ya fitar da ni, don haka amsar tambayarka ta farko eh ana fita, gani nan. Abin da sista ta fada gaskiya ne ni ma ta asibiti na bi, amma bari in fada maka abin da takardar likita ba za ta yi maka ba.

Maganin yana cire maka ciwon jiki ne amma ba ya cire maka safiya. Ni kullum in na fito da mashin wajen mai shayin bakin titinmu nake fara tsayawa, a nan dilan yake zama kan benci ba ya ma magana mika hannu kawai kake yi, to ko bayan jikina ya daina ciwo in na zo daidai kwanar nan sai in ji yawu ya taru a bakina hannuna yana karkata kan mashin da kansa. Dole na canza hanya gaba daya na koma fita ta bayan unguwa ko da ta fi nisa ta fi cin mai, na koma karyawa a gida kafin in fita, koko da kosai ko dumame duk abin da ya samu, don in ciki ba komai sha'awar ta fi karfi. Goge lambar dila ba ta yi min amfani ba don na haddace ta, sai da na canza layi saboda shi ma yana kira, wai kwana biyu ba a ganka ba ko lafiya. Kudi kuma in na cire balas din mai mashin da na mai sai in damka wa Hajiyarmu sauran, ita take ba ni na kashewa da safe, da girmana da gemuna, amma shi ya cece ni don dari biyar a aljihu da daddare fitina ce.

Yan majalisa kuwa ka shirya musu. Da farko dariya za su yi su ce ustaz ya tuba, daga baya su fara ba ka kyauta, wanda bai taba saya maka ko pure water ba sai ka ga ya miko maka guda ya ce ta karshe ce. Ba duka ne mugaye ba wlh, wasunsu in ka fita sai su ga kamar ka tona musu asiri ne. Kai naka ya fi nawa wuya ma tunda wanda ya koya maka a shago daya kuke.

In sha'awar ta taso ba ta dadewa, mai ba mu shawara ya ce min in ba ta rabin awa kawai kafin in yanke hukunci, in tashi daga inda nake in yi alwala ko in yi tafiya da sauri ko in kira wani, kuma gaskiya mafi yawan lokaci kafin nan ta lafa. Ciwon kafa na dare wanka da ruwan dumi yana rage shi. Barci kam sai hakuri, ka daina shayi mai kauri da nescafe bayan la'asar.

Sai wata magana da maza ba sa son fada, da yawa saboda harkar iyali suke kasa bari, suna tsoron in sun daina za su ji kunya a gida. Da farko kam za ka ga canji ba zan boye maka ba, amma yana daidaita, kuma kwayar ce ma in an dade ana sha take kashe sha'awar gaba daya. Ka fada wa likita wannan ma kar ka ji nauyi.

Na taba zamewa a tsakani ranar bikin wani abokina, washegari na koma asibiti na fada musu, ba wanda ya zage ni, aka dora daga inda aka tsaya.

Maman_Ilham

Ƙanina ka faɗa wa matarka. Ina mace nake gaya maka, ta riga ta san akwai wani abu, mace tana kwana ɗaki ɗaya da mutum ba za ta kasa ganin ba ya barci ba, ba ya cin abinci, kuɗin cefane yana raguwa, abu kaɗan ya hau faɗa. Abin da take zargi a ranta ƙila ya fi gaskiyar muni, tana iya ɗauka wata kake nema. Kuma wa zai riƙe maka maganin da likita zai bayar yana ba ka daidai ƙa'ida in ba ita ba?

Mu ƙanwata ce ta shiga kodin, a gidan mijinta ta koya wajen ƙawaye, ana zubawa a lemon kwalba a gidan biki ba mai ganewa. Lokacin nan ne abin ya yi ƙamari har Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, sai ga binciken BBC a 2018 gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi. Mun yi murna mun ɗauka shi kenan, ashe tsada kawai ya yi, ta sayar da 'yan kunnenta da zannuwan lefe, da abin ya gagara ta koma ƙwayoyi. Abin da ya fi cutar da ita ɓoyewar da muka yi ne, kowa yana cewa kar a ji kar a gani za a ɓata sunan gida, mijin ya sake ta, sai da ta kai ba ta gane 'ya'yanta sosai sannan aka kai ta asibiti. Alhamdulillah yanzu tana sana'arta. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnati a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar nan, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce, to ka ga ba gidanku kaɗai ba ne, kowa rufe ƙofarsa kawai ya yi.

Gidan mari kuwa ka roƙi yayanka da girman Allah. Ya tuna abin da aka gani a Rigasa a watan Satumban 2019, mutum sama da 300 'yan sanda suka fito da su, da manya da yara, sarƙa a ƙafa bayansu duk tabon bulala, wata bai cika ba aka sake samun wani a Daura. Iyayensu da kansu suka kai su kuma har kuɗi suke biya.

Baban_Khalifa

Hajiya ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai malaman da suke yi don Allah, ɗan maƙwabcinmu can aka kai shi ya dawo ya shiryu har da haddar izu goma. Kuma ku masu cewa asibiti asibiti, kun san nawa ake kashewa? Talakan da yake neman na masara ina zai samu kuɗin gado da na magani? Iyaye ba mugunta ce take sa su kai 'ya'yansu can ba, rasa yadda za su yi ne.

Maman_Ilham

Baban Khalifa maganar rashin kuɗi gaskiyarka ne, kuma ban ce iyaye mugaye ba ne, mu ma mun kusa kaiwa. Amma wannan bawan Allahn farfaɗiya yake yi, in ta kama shi da tsakar dare ƙafarsa a mari a ɗakin da aka kulle ta waje wa zai cece shi? Ya je a duba shi tukuna, karatu da addu'a ba wanda ya hana, ana iya yi a gida.

Dan_Maradi

Allah shi ba ka lahiya ɗan'uwa. Nan Maraɗi ma abin ya yi yawa, 'yan kabu-kabu da masu aikin gona lokacin damana su ka shan shi cikin shayi don su yi ta aiki ba gajiya. Ka lura da shayin da a ka dahwawa cikin shago da dare, wani lokaci a ciki a ka jehwa ta. Ka riƙa zuwa da naka daga gida.

Almajirin_Ilimi

Ɗan'uwa Allah ya karɓi tubanka. Ina so in ɗan yi wa Malam Abu Sumayya ƙarin bayani cikin girmamawa. Haramcin abin da yake gusar da hankali ba wanda yake jayayya a kai, amma mu duba yadda Allah ya raba sahabbai da giya. Ayar Baƙara ta 219 ta fara cewa zunubinta ya fi amfaninta, ta Nisa'i ta 43 ta hana kusantar sallah cikin maye, sannan ta Ma'ida ta 90 ta zo da hani gaba ɗaya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da a ce abin da ya fara sauka shi ne kar ku sha giya, da sun ce ba za mu bar giya ba har abada, yana cikin Bukhari. Ban kawo wannan don in ce an halatta wa kowa ya ci gaba da sha ba, hukunci ya riga ya tabbata. Amma wanda ya yi niyyar bari da gaske, likita ya ce yankewa lokaci ɗaya zai iya halaka shi, ragewar da yake yi a hannun likita neman magani ne, ba neman maye ba.

Ga yayanka da sauran 'yan uwa kuma, akwai sahabin da aka sha kawo shi gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya ce kar ku la'ance shi, yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kar ku zama mataimakan shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Abin da Ɗan Sahu ya faɗa na canza hanya da majalisa shi ma yana da asali, mutumin da ya kashe rai 100 da ya nemi tuba malamin cewa ya yi ya bar garinsu ya koma inda mutanen kirki suke. Ka riƙe jam'in asuba, ka yawaita karanta aya ta 53 a Zumar. Rubutu da addu'a ka ci gaba, amma ka faɗa wa masu kawo maka hayaƙi gaskiyar ciwon.

Tela_Kano

Ngd sosai 'yan uwa Allah ya saka da alheri, wlh ban zaci za a amsa min haka ba. Sista na karanta naki ya fi a ƙirga, ban taɓa sanin D5 ɗin ma matsala ba ne, ni a ganina maganin barci ne kawai. Na nuna wa yayana duk abin da kuka rubuta, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce zai raka ni asibiti ranar Litinin, maganar malamin ya ce a ajiye tukuna, bai ce ya janye ba. Anti Maman Ilham na ji maganarki, ban iya faɗa mata ba tukuna, na fara sai bakina ya yi nauyi, amma zan faɗa kafin mu tafi in sha Allah.

Abin da ya rage yana damuna shi ne aiki. Da ɗinkin nan nake ciyar da gida, in sallah ta matso ban san yadda zan iya kwana a kan keke ba tare da ita ba. Sannan maganin da za su ba ni shi ma ba zai kama ni ba? Kar in fita daga wannan in faɗa wani.

Usta_Mai_Zare

Abokin sana'a, ni ma tela ne na daɗe a harkar. Ba dole ne ka kwana a kan keke ba, mu ne muka ɗora wa kanmu. Ka san iya kayan da kake gamawa a yini da ƙarfinka na Allah, ka lissafa, in ya cika ka rufe karɓa ko ɗan uwarka ne ya kawo. Ka kira kwastomominka na gaske tun Sha'aban ka ce su kawo da wuri, ka ɗan ƙara kuɗin ɗinki ka rage yawa, mai son aikinka zai biya. Aikin wuya da sa maɓalli da guga ka ba yara ko ka kai waje. Ka duba kujerarka kuma, yawancin ciwon bayanmu daga benci mara majingina ne da keken da ya yi ƙasa, ka sa kafinta ya daidaita maka, kana tashi kana miƙewa duk bayan awa. Shi kuma wanda ya fara ba ka, in shagonka ne ka sallame shi da mutunci, in na haɗaka ne ka ɗauke kekenka ka koma ko zauren gidanku ne na 'yan watanni. Sallar bana za ka samu ƙasa da na bara, ka sa wannan a ranka tun yanzu ka faɗa wa iyali, amma ka cire kuɗin ƙwayar da kake kashewa kullum ka gani, giɓin bai kai yadda kake tsoro ba.

Sista_Nas

Tambayarka tana kan hanya Malam Tela. Wasu daga cikin magungunan da ake amfani da su wajen ragewa suna iya kama mutum in ya sha yadda ya ga dama, shi ya sa ake ba da na 'yan kwanaki kaɗan a ce ka dawo, kuma shi ya sa Maman Ilham ta ce wani ya riƙe maka. Kar ka je kemis ka ƙaro da kanka ko da ka haddace sunan, kar kuma wani ya ce maka ga pregabalin ko ekzol ko kodin suna cire tiramol, canza ubangida ne kawai. Ka faɗa wa likita ciwon bayan ma a duba shi, don in ba a magance shi ba shi zai mayar da kai.

Abu ɗaya da nake so kai da Ɗan Sahu da duk mai karantawa ku riƙe, in mutum ya yi makonni bai sha ba jikinsa ya daina ɗaukar yawan da ya saba, in ya zame ya sha biyun nan ko ukun da yake sha a da tana iya tsayar masa da numfashi. Duk wanda aka ga ya yi barcin da ba ya tashi, numfashinsa yana ja a hankali ko leɓensa ya canza launi, asibiti za a yi da shi nan take, akwai allurar naloxone da take farfaɗo da numfashi in an kai da wuri.

Baban Khalifa, ganin likita a asibitin gwamnati a je a dawo bai kai kuɗin kwanciya ba ko kusa, kuma akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya da ake kai kuka in abin ya fi ƙarfin mutum, a tambaya.

Ranar Litinin ku fita da sassafe saboda layin yankar kati, ka karya kafin ka fita, ka tafi da sacet ɗin duka biyun, ka rubuta a takarda nawa kake sha da ƙarfe nawa, kar ka rage ko ɗaya don kunya saboda da wannan lissafin za a tsara maka ragewar. In akwai yaron shagon da ya ga faɗuwarka ku tafi da shi ko yayanka ya ɗauki bayaninsa, likita zai tambayi yadda ta fara da tsawon lokacin da ta ɗauka.